A riƙa sa kuɗin abin takawa a hau sama cikin lissafin aikin allon talla

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ni mai haɗa allunan talla ne a Jos, walda da ɗaurawa duka, kuma ina roƙon fili in yi magana da masu ba mu aiki da abokan sana'ata kan abin da muke takawa mu hau sama.

Duk wanda ya bi titin Ahmadu Bello ko Bauchi Road zai ga alluna jere a goshin benaye, na asibiti, na makaranta, na masu sayar da waya. Ba a cika tambayar yadda suka kai can ba. Idan muka kawo lissafi, mai shago yakan yarda da kuɗin ƙarfe da fenti da fitilu, amma da idonsa ya faɗa kan layin hayar sikafol, wato dandamalin bututun ƙarfe da ake haɗawa a tsaya a kai a yi aiki a sama, sai ya ce, "Haba maigida, ba ka da tsani ne?" Wannan layin ake fara sokewa, kuma a kan yaron aikinmu sokewar take ƙarewa, domin shi ake turawa sama.

Tsani yana da aikinsa: canza fitila, ɗaure noti, abin da za a gama nan da nan da hannu ɗaya, ɗayan yana riƙe. Ƙa'idarsa ba wuya. In ya hau mita 4, gindinsa ya ja baya mita 1 daga bango, a ɗaure kansa, kada a taka matakai uku na ƙarshe. A Ingila, inda suke da dokar aiki a sama tun 2005, shawarar hukumarsu ita ce aikin da zai wuce minti 30 a nema masa wani abin hawa. To, huda kankare da injin, da ɗaga firam ɗin da sai mutum biyu, ta yaya za a ce aikin tsani ne? Hannu biyu yake ci, kuma injin yana tura mutum baya.

A wajen Farin Gada na taɓa tsayawa ina kallon wasu yara biyu. Sun haɗa tsanin katako biyu da robar tayar babur don ya kai bene. Ƙafa ɗaya ta tsanin tana kan bakin kwata, ɗayar an tokare ta da rabin bulo. Na saman yana sanye da silifas, ya ciji kusoshi a baki, yana miƙa jiki gefe don ya kai kusurwar allon, na ƙasan kuma hannu ɗaya ya sa, ɗayan yana amsa waya. Na ce su sauko. Ƙaramin ya ce, "Baba, oga ya ce yau za a gama." Gabana ya faɗi, domin na san yaron ba shi da bakin cewa a'a.

Garinmu ma yana da nasa hali. Ƙasar Jos dutse ce da gangara, da wuya ka sami gaban shago a shimfiɗe. Muna sama da mita 1,200 bisa teku, sanyin hunturu yana kashe yatsu har mutum bai san ya saki abu ba. Iskar farkon damina kuwa in ta sami fileks mai faɗi, wato ledar da ake buga tallar a kai, kamar laima take fizgarsa, ta tafi da wanda ya riƙe. Saboda haka ni ba na yanka farashi sai na je wurin da ƙafata: in ga ƙasa, in ga tsawo, in ɗaga kai in ga wayar lantarki.

Wayar nan ita ta fi ba ni tsoro. Manyan layukan wuta masu ƙarfi, na 11kV da 33kV, suna bi ta gaban shaguna da yawa, kuma wutarsu tana iya tsallakowa tun ba a taɓa ba. Tsanin alminiyam, bututun sikafol, firam ɗin allon kansa, duk suna jan wuta, katako ma in ya jiƙe. Inda waya ta matso, a je a nemi kamfanin wuta ya kashe layin kafin a fara. Jira ne, kuma wanda ya ba da aikin zai yi ƙorafi, amma babu wata dabara bayan wannan.

Aikin da zai ɗauki wuni, sikafol na ƙarfe ne nasa: faranti a ƙarƙashin kowace ƙafa, katakon takawa cikakke ba falanki ɗaya ba, shinge a gefe daidai ƙugu, a kuma ɗaure shi da ginin. In sikafol ɗin mai tayoyi ne, a kulle tayoyinsa, kada a tura shi da mutum a kai. Manyan allunan bakin titi kuma sai mota mai kwando. Hayarta da tsada, na sani, amma wanda ya iya biyan allo mai wannan girman zai iya biyan motar.

Ɗamarar tsaro ma ana yaudarar kai da ita. Igiya a ƙugu ba ɗamara ba ce. Ta gaskiya tana kama kafaɗu da cinyoyi, ana maƙala ta a abu mai ƙarfi sama da kai, ba a allon da ake kan ɗaurawa ba. Mai igiyar rage fizga kuma tana bukatar fili kusan mita 6 a ƙasa, in ba haka ba mutum zai bugi ƙasa kafin ta riƙe shi.

Akwai dokar biyan diyyar ma'aikata ta 2010, wadda ta ce mai ɗaukar ma'aikata ya riƙa zuba kashi 1 cikin 100 na albashinsu a asusun NSITF, hukumar inshorar ma'aikata ta Najeriya. Yawancin yaranmu ba su da albashi balle rajista. In ɗaya ya karye a baya, uwarsa ce za ta yi jinya.

Roƙona biyu ne. Masu ba da izinin kafa alluna su riƙa tambayar da me za a hau kafin su sa hannu, musamman lokacin kamfen da ake aiki cikin dare da gaggawa. Mu kuma masu sana'a mu haɗa baki: kowa ya rubuta kuɗin abin hawa a layinsa daban, wanda aka ce ya soke ya bar aikin, na gaba da shi kuma kada ya karɓa.

Naka,
Mai haɗa allunan talla, Dilimi, Jos