Na ci jarrabawa, gidan abinci ya ci ni

Sarkin Loma,

Assalamu alaikum. Ina gajiya, ya iyali, ya jikin Inna? Na san ka cika ka batse, wata huɗu shiru kamar an aiki bawa garinsu. To albishirinka, na ci jarrabawar nan da ta hana ni barci. Sai dai kada ka yi saurin murna.

Ranar da sakamako ya fito, daɗi ya kwashe ni, na ce wa 'yan ajinmu biyar mu fita cin abincin dare. Ka san nan Paris in an fita kowa nasa yake biya, har 'yan sulalla ake rabawa, abin da ya riƙa ba ni kunya farkon zuwana. Sai na ɗauka ranar ma haka za a yi. Ashe bakina ne ya ja mini. Bafaranshe in ya ji ka ce "je vous invite", wato "ina gayyatarku", kamar yadda na ce musu, to ka ɗauki kuɗin kowa ke nan. Shekara nawa muna karanta Faransanci a Damagaram, babu malamin da ya taɓa gaya mana wannan!

Mun shiga wani gidan abinci kusa da kogin Seine ƙarfe takwas, ba mu fito ba sai sha ɗaya. Su ba a ci a tashi. A kawo ɗan abin buɗa ciki, a zauna hira, a kawo babban faranti, wanda bai kai lomarka biyar ba, sai cuku, sai kayan zaƙi, sai kofi a ɗan mitsitsin finjali. Mai hidimar kuma ba zai kawo takardar kuɗi ba sai ka nema, don a wurinsu kamar korar baƙo ne. Wannan doguwar zama har UNESCO, hukumar al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta sa ta cikin al'adun gado na duniya a 2010, ka ji inda ranka. Ni ina gefe da kifina, don shi kaɗai hankalina ya kwanta da shi. Miya ka tarar da giya aka dafa ta, salak ka ga an barbaɗa masa naman alade, kullum sai na yi ta tambaya kamar alƙali. Ta kusa da ni kuwa dodon koɗi take zaƙulowa da ɗan cokali mai yatsu, tana lumshe ido.

Da takarda ta iso, kowa ya yi mini godiya mai kyau, ya gyara zama. Na buga lissafi a zuci, yuro ɗaya sefa 656, na ga ragon layya sukutum ya tafi. Abin da ya rage mini zafi, ladan hidima yana cikin farashi, burodi da ruwan famfo kuma kyauta ne. Na san kana can kana dariyar mugunta. Allah ya kawo ranar taka.

Af, da gaske ne mai shayin bakin tasha ya ƙara aure? Da bashin namu bai biya kansa ba ya yi wannan ƙarfin hali? Kuma don Allah ka hana Yaya ba wa masu tahowa kilishi su kawo mini. An hana shigo da nama Tarayyar Turai a jakar matafiyi, in aka gani ƙwacewa za a yi.

Tun daga ranar na san inda dare ya yi mini. In ina son cin na Faransawa sai gidan abincin Bouillon Chartier, wanda aka buɗe tun 1896 domin masu ƙaramin ƙarfi. Layi za ka bi, a zaunar da kai da wanda ba ka taɓa gani ba, mai hidima ya rubuta lissafinka a kan takardar da aka shimfiɗa wa tebur. Wallahi bencin mai tuwon kasuwa ya tuna mini. In kewar gida ta taso kuma, na hau jirgin ƙarƙashin ƙasa zuwa Château Rouge, unguwar kasuwar 'yan Afirka, in sayi kuɓewa da busasshen kifi, in ci mafe, wato miyar gyaɗa, a wurin 'yan Mali. Ranar Juma'a bayan salla akwai shayin na'ana'a a harabar Babban Masallacin Paris, mai zaƙi, amma bai kama ƙafar naka ba.

Akwai abin da na zauna musamman don in tambaye ka, ya ɓace mini. In na tuna na kira. Ka gaida amarya, ka ce wa Auta takalminsa na nan tafe in aljihu ya farfaɗo.

Naka,
Mai gayya