Hattara da mai kiran da ke cewa daga kamfanin kirifto yake

Ranka ya daɗe Edita,

Assalamu alaikum. Muna neman fili a jaridarka domin jan kunnen 'yan'uwanmu mazauna Legas, musamman 'yan canji na Allen da Broad Street, da 'yan kasuwar Mile 12, Alaba Rago da Agege. Da yawansu yanzu a waya suke ajiye dala da sunan USDT, wato kuɗin kirifto na intanet mai bin darajar dala, da ita kuma suke biyan kuɗin kaya a China da Dubai. Tun da Babban Bankin Najeriya ya ɗage takunkumin 2021 da ya hana bankuna hulɗa da harkar kirifto, a watan Disambar 2023, masu shiga harkar sun ƙaru, masu farautarsu ma haka. Da yawa daga cikin asusun da ake yashewa ba fasa su ake yi ba, mai asusun ake ruɗa ya buɗe da hannunsa.

Abin yakan fara da saƙon tes ko imel: wai an yi yunƙurin shiga asusunka daga wata ƙasa, in ba kai ba ne ka kira wannan lamba da gaggawa. Wani lokaci saƙon kan faɗo cikin jerin saƙonnin da kamfanin ya saba turo maka. Dalili shi ne ana iya ƙirƙirar sunan mai aikawa, waya kuwa suna kawai take dubawa ta haɗa saƙonni wuri guda. Lambar da ke fitowa idan an kira ka ita ma ana iya yi mata haka.

Mai kiran zai ambaci cikakken sunanka, wataƙila har da adadin abin da ke cikin asusun. Kada wannan ya kwantar maka da hankali. A watan Mayun 2025 kamfanin Coinbase mai hada-hadar kirifto ya bayyana cewa an ba wasu ma'aikatansa na sashen kula da abokan hulɗa cin hanci sun fitar da bayanan mutane, har ɓarayin suka nemi dala miliyan 20 kuɗin fansa. A 2020 an kwashe sunaye da adireshi da lambobin waya na mutum sama da 270,000 da suka sayi na'urar Ledger ta adana kirifto. Irin waɗannan bayanai sayar da su ake yi. Ko da Hausa ya yi maka magana, ya yi sallama, ya ce Alhaji ya kasuwa, hakan ba shaida ba ce. Aiki ne na ƙungiya: a Disambar 2024 hukumar EFCC ta kama mutum 792 a bene ɗaya a Victoria Island kan damfarar kirifto da ta soyayya. Galibi mutanen ƙasashen waje suke farauta, amma salon ɗaya ne.

Bayan ya tayar maka da hankali, zai nemi lambobi shida da suka shigo wayarka yanzu, wai don ya toshe ɓarawon. A daidai lokacin shi ne ke ƙoƙarin shiga, lambobin nan kaɗai suka rage masa. Ko ya ce ka sauke AnyDesk ko TeamViewer don ya duba matsalar, alhali manhajoji ne da ke ba shi damar ganin fuskar wayarka, wani lokaci har ya sarrafa ta daga inda yake.

Wadda ta fi muni ita ce dabarar "amintaccen walat", wato ma'ajiyar kirifto da kake riƙewa da kanka ba a hannun kamfani ba. Zai ce asusunka ya riga ya lalace, a kwashe kuɗin zuwa wuri mai tsaro kafin a gyara. Sai ya sa ka sauke Trust Wallet ko makamanciyarta, ta gaskiya ba jabu ba, sannan ya karanto maka kalmomi 12 ka shigar. A nan aka gama da kai. Kalmomin nan, 12 ko 24, da ake zaɓowa daga jerin kalmomin Turanci 2,048, su ne walat ɗin kansa. Duk wanda ya san su zai buɗe shi a kowace waya a duniya, ba ruwansa da lambar sirrinka ko zanen yatsanka. Tun da shi ya ba ka kalmomin, walat ɗin nasa ne. Kai za ka tura kuɗin, kai za ka shigar da duk lambobin tsaro, kamfanin kuma zai ga mai asusu ne ya cire abinsa. Kalmomi na gaskiya manhaja ce ke ƙirƙiro su a wayarka, kai kaɗai ka gan su, ka rubuta a takarda. Ba a karɓarsu daga kowa, ba a ba kowa, ba kuma a canza su kamar kalmar sirri. In sun fita, sai dai a buɗe sabon walat a kwashe komai nan take.

A banki kana iya kai ƙara a riƙe asusun da kuɗin ya faɗa. Tura USDT kuwa cikin ɗan lokaci yake tabbata, kuma babu mai juya shi. Kamfanin Tether, mai fitar da USDT, kan daskarar da adireshin walat ɗin da kuɗin ya faɗa idan hukumomin tsaro sun nema, amma kafin takarda ta isa an rarraba kuɗin.

Saboda haka duk wanda ya kira ka da sunan kamfani, kashe wayar. Kada ka kira lambar da ke cikin saƙon, kada ka taɓa mahaɗin da ke cikin imel. Buɗe manhajar da kanka, ka yi magana da su ta sashen taimako na ciki. Idan da matsala ta gaskiya, a can za ka gan ta. A imel, duba abin da ya biyo bayan alamar @ harafi bayan harafi, domin sukan sa lamba 1 a gurbin harafin l, ko su jera r da n su yi kama da m. Kamfanonin kirifto na Binance da Bybit suna ba ka damar zaɓar wata kalma taka da za ta riƙa fitowa a kowane imel nasu na gaskiya. Saita ta yau. Kunna jerin amintattun adireshi, yadda ba za a cire kuɗi zuwa sabon adireshi ba sai an jira. Mayar da lambobin tsaro daga tes zuwa Google Authenticator, mai canza lamba duk daƙiƙa 30, domin ana iya yi wa layinka walkam-bak a bayan idonka. In sabis ya ɗauke maka kwatsam alhali na kusa da kai mai layi irin naka yana da shi, nufi ofishin kamfanin layin a ranar.

Masu saye da sayarwa ta P2P, wato ciniki tsakanin mutum da mutum a cikin manhajar kamfani, ku kula da imel mai cewa kuɗin mai saye na hannun kamfani, ka saki kirifto tukuna. Ƙarya ce. Alat ma ba hujja ba ne, sai ka shiga manhajar bankinka ka ga kuɗin sun zauna.

Akwai kuma raunin da ke cikin gidanmu. Maigida da yawa yaron shago ne ya buɗe masa asusu, da imel ɗin yaron, da layin yaron, kalmomin 12 kuma an ɗauke su hoto suna cikin waya ko an tura su ta WhatsApp. Ba zargin yaron muke ba. Amma shi za a kira, shi za a tsorata da cewa kuɗin maigida na tafiya, kuma don gudun faɗa zai yi duk abin da aka ce ba tare da ya tambayi kowa ba. A zauna da shi a yi masa wannan bayani.

Wanda abin ya riga ya faɗa wa, kada kunya ta sa ya yi shiru. Ya kulle asusun ta cikin manhaja, ya canza kalmar sirrin imel, ya adana saƙonnin da lambar da ta kira da lambar shaidar turawa wadda ake ce wa TXID, ya kai ofishin EFCC da ke titin Awolowo a Ikoyi. Ya kuma sa ran kira na biyu, daga mai cewa shi lauya ne ko jami'i ko ƙwararren da zai dawo da kuɗin idan an biya wani kaso tukuna. Sau da yawa mutanen farko ne suka dawo, domin sun san nawa aka ɗauka.

Wassalam.

Daga wasu masu aikin tsaron intanet,
Agege, Legas