Takardar Koke Ga Mai Martaba Sarki Kan Babbar Hanya Da Batun Kuɗin Hanya

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Allah ya ja zamanin Sarki, ya ƙara lafiya da nisan kwana. Mu talakawanka mazauna bakin babbar hanya, tare da direbobi da masu sana'a a gefenta, mun durƙusa gabanka da kukanmu. Idan wata kalma ta yi kaushi, a gafarce mu, zuciya ce ba ta huce ba.

Ranka ya daɗe, a makon jiya da daddare wata tirela maƙare da kaya ta kauce wa ramin nan na gab da gada, ta kwanta a kan wata ƙaramar mota. Da fitilar waya da hannuwanmu muka yi ta janye kaya. Muna jin muryar wani yaro a ƙarƙashi yana kiran mahaifiyarsa, muna ce masa ya yi haƙuri ga mu nan, har muryar ta ɗauke kafin a samo motar da za ta ɗaga. Da gari ya waye, takalminsa ƙafa ɗaya yana nan a bakin ramin. Ramin da kowa ya sani! Mun rubuta, mun aika wakilai, an zo an auna an ɗauki hoto, an zuba jar ƙasa ruwa ya wanke, aka sake zuwa aka sake aunawa. Mun daina ƙirga zuwan. Amsar dai ɗaya ce: babu kuɗi a kasafi.

To, Allah ya taimake ka, in kasafi ya gaza, a duba wata hanyar. Mu ba mu ƙi biyan kuɗin hanya ba. Ai ko yanzu muna biya, ga masu gitta katako mai ƙusoshi da ba su ba da rasit, ga bakanike, ga asibiti. Abin da muke roƙo shi ne wanda ya fi cin hanya ya fi biya. Gwajin da aka yi a jihar Illinois ta Amurka daga 1958 zuwa 1960 ya nuna cewa idan nauyin da ke kan layin taya ɗaya ya ninka biyu, ɓarnar da yake yi wa kwalta takan ninka kusan sau 16. Ashe ba mai babur ne ke farfasa mana hanya ba, ba kuma mai ƙaramar mota ba. Shi ya sa tun 2001 Switzerland take karɓar kuɗi daga manyan motoci gwargwadon nauyinsu da nisan tafiyarsu, Jamus ma ta fara nata a 2005, da na'ura a cikin mota mai ƙirga tafiya ta tauraron ɗan'adam. Ba mu ce sai an kawo mana irin wannan na'urar ba. Sikelin auna mota da rasit na gaskiya ma sun ishe mu farawa.

Sai dai, ranka ya daɗe, muna da tsoro, ba kuma za mu ɓoye wa uba ba. A lardin Gauteng na Afirka ta Kudu an fara karɓar kuɗin hanya ta na'ura a ƙarshen 2013, jama'a da yawa suka ƙi biya don suna ganin ba a shawarce su ba, har aka rufe tsarin a 2024. Kada a kafa mana shinge, a tara kuɗi, ramin gada yana nan yadda yake. Wannan kam ba za mu iya haɗiye shi ba.

Saboda haka muna roƙon Mai Martaba ya isar da kukanmu ga hukumar da ke kula da hanyoyi. A fara cike wannan ramin da kwalta, ba da ƙasa ba, tun kafin a yi maganar karɓar komai. A kori masu katako. In za a sa kuɗin hanya, a zauna da mu da ƙungiyar direbobi tukuna, a buɗe masa asusu na daban da ba za a taɓa shi ba sai don gyaran wannan hanya, a riƙa liƙa abin da ya shiga da abin da ya fita inda kowa zai karanta. A sassauta wa mazauna da ke ƙetare shingen safe da yamma don zuwa aiki ko kai yara makaranta. Motar da ta ɗauko fiye da ƙima a sauke mata kaya nan take, kada a karɓi na goro a ɗaga mata hannu. Kuma, a gafarce mu da maimaici, a cike ramin nan. Jiya ma mun ji ƙarar birki a wurin har sau biyu cikin dare.

Muna kuma roƙo, in Mai Martaba ya ga dama, ya turo wakili ya ga wurin da idonsa, mu kai shi gidan iyayen yaron.

Allah ya ƙara wa Sarki lafiya.

Talakawanka masu biyayya,
Mazauna bakin babbar hanya da direbobin da ke bin ta