Wasiƙar godiya ga masu gyaran na'urorin intanet na Titin Beirut, Kano

Assalamu alaikum, Injiniya, tare da yaran shago baki ɗaya.

Na zaɓi in rubuta wannan a bainar jama'a ne domin godiyar da na yi maka ta waya ba ta ishe ni ba. Ka ce kada in kama sunanka, na ji, amma duk mai sana'ar raba intanet ta iska a Kano da Jigawa ya san shagon da nake nufi.

Ƙaramin kamfani gare ni a Haɗeja, da hasumiya biyu da kwastomomi da ba su kai ɗari biyu ba: masu POS, shagunan kwamfuta da ke yi wa ɗalibai rajistar jarrabawa, makarantu biyu, da gidaje. A daminar 2023 tsawa ta faɗi kusa da babbar hasumiyata da dare. Gari na wayewa na tarar rediyo shida na kamfanin Ubiquiti, wato na'urorin da ke aika intanet ta iska, sun mutu, rautar MikroTik kuma, na'urar da ke rarraba intanet ɗin, ƙofofinta uku na jona kebul ba sa ɗauka. Lokacin ba a daɗe da sakin naira ba a watan Yuni, aka bar kasuwa ta yanke darajarta, kayan nan kuwa duk da dala ake shigo da su. Wurare biyu na kai su, duk amsar ɗaya ce: a zubar, a sayi sababbi. Da na bi wannan shawara, da yanzu wata sana'ar nake yi.

Na zo muku da su a cikin buhu. Yaronka ya buɗe su ɗaya bayan ɗaya, ya sa na'urar gwaji, ya duba fanel ɗin a ƙarƙashin madubi, ya nuna mini cewa a biyar daga cikin shidan ɓarnar ba ta wuce bakin da kebul ke shiga ba. Ya ciro ƙananan kayan da suka ƙone, ya ɗebo irinsu daga matattun rediyoyin da kuke tarawa, ya liƙe da darma. Na shidan kun gaya mini gaskiya cewa wutar ta kai ga ƙwaƙwalwarsa, kuɗin gyaransa asara ne. Abin da na biya gaba ɗaya bai kai kuɗin sabon rediyo biyu ba.

Ina shirin tafiya ka tsayar da ni, ka ce, "Alhaji, in ka mayar da su yadda suke, baɗi ma za ka dawo da buhun nan." Wannan maganar ce ainihin dalilin wasiƙar.

Ka zo Haɗeja da kanka bayan mako biyu. Ka tona gindin hasumiya, muka ga sandar ƙarfen da aka binne mini tun farko ba ta fi kamu biyu ba, ta yi tsatsa, wayar da ke haɗe da ita ma ta tsinke. Ka bayyana mini cewa ba sai tsawa ta sauka a kan hasumiya take ɓarna ba. Ko a nesa ta faɗi, tana tayar da wuta a cikin dogon kebul ɗin da ya hau sama, wutar nan kuma in ba ta sami hanyar shiga ƙasa ba, ta cikin rediyo za ta bi. Kuka binne sandunan jan ƙarfe masu tsawo, kuka haɗa su da jikin hasumiya da akwatin kaya, kuka cire kebul ɗin cikin gida da nake amfani da shi saboda araha, kuka sa mai sulke wanda aka yi domin rana da ruwa, da na'urar tare wuta a sama da ƙasa. Ka kuma sa aka rubuta wa kowace cajar PoE, wato mai ba rediyo wuta ta cikin kebul ɗin intanet, lambarta da fenti, saboda rediyoyina masu bolt 24 ne, kuma yarona ya taɓa ƙona ɗaya da ya jona shi da mai 48.

Sai kuma zancen wani ƙauye mai nisan kilomita 12 da nake kai wa sabis. Shekara biyu ina fama: da rani sabis lafiya lau, damina na kankama sai ya riƙa yankewa. Na ɗora laifin a kan ruwan sama, na canja kwanon kama sigina, na ƙara ƙarfin rediyo har ƙarshe, a banza. Kai kuwa taswira ka buɗe, ka ja layi tsakanin hasumiyoyin biyu, ka tambaye ni abin da ke tsakiya. Kukoki ne, manya guda uku a bakin wata gona. Na ce ai daga sama ina hango ɗayar hasumiyar da tabarau. Ka ce hange bai isa ba, domin sigina ba kamar zare yake tafiya ba, kamar kwale-kwale yake, siriri a baki biyu, mai faɗi a tsakiya. A zangon sigina na gigahaz 5 da irin wannan nisa, faɗin nan yakan kai mita 12 ƙasa da layin, kuma ana son aƙalla kashi 60 cikin ɗari nasa ya zama babu abin da ya tare. Ga doron ƙasa ma yana ɗan tasowa kamar mita biyu a tsakiya. Kuka kuma da rani tsirara take, da damina ta cika da ɗanyen ganye, shi kuwa ganye mai ruwa shanye sigina yake yi. Mita huɗu kawai muka ɗaga kwanon, ka kuma rage ƙarfin da na ƙure. Tun ranar ban sake jin ƙorafi daga ƙauyen ba.

Sauran gyare-gyaren ba sai na ja su ba. Kun raba kwastomomina rukuni-rukuni ta yadda rautar gida ɗaya da aka jona a baibai ba za ta durƙusar da gari duka ba, kun kwashe mafi yawansu daga gigahaz 2.4 mai tashoshi uku kacal da ba sa hawa kan juna, wato 1 da 6 da 11. Kuma kun zana mini tsarin a takarda, kun miƙa mini dukkan lambobin sirri. Wanda ya fara yi mini aikin riƙe su ya yi, ko sunan kwastoma zan canja sai na kira shi na biya.

Damina biyu ke nan tun bayan zuwanka, rediyo ɗaya kawai na rasa, shi ma ruwa ne ya shige shi ta murfin da ba mu rufe da kyau ba. Zan ba direba shi ranar Litinin, tare da ɗan kifi busasshe na yaran shago. Yaron nawa da ka ce in turo ya zauna da ku wata uku ya koyi aikin darma, mahaifinsa ya amince, zai zo bayan Sallah in Allah ya yarda.

Allah ya saka da alheri, ya ƙara buɗi.

Naka,
mai ƙaramin kamfanin intanet a Haɗeja