Nas ce kaɗai fuskar da wanda aka killace yake gani

Assalamu alaikum Edita, dan Allah a ɗan bani fili in yi magana akan marasa lafiyan da ake killacewa a asibiti, masu korona ne ko zazzaɓin Lassa ko tarin fuka mai bijirewa magani.

A 2020 mahaifiyata ta kwana 11 a ɗakin killacewa, ba wanda aka bari ya shiga wajenta sai dai waya. Kwanakin farko wallahi ko runtsawa bata yi, tace mutane suna shigowa sun rufe jikinsu ruf, ido kawai take gani ta bayan gilashi, su auna su rubuta su fice ba wanda zai ce mata ga abinda ake ciki, na'ura na yin ƙara sai gabanta ya faɗi ta ɗauka shikenan lokaci yayi. Sai Allah ya haɗata da wata nas da duk sanda ta shigo zata ce "Mama sannu, nice ta jiya", ta nuna mata lambar dake jikin ɗan abin nan da ake maƙalawa a yatsa tace kinga 94 ne, iskarki na nan daidai, ta riƙe mata hannu duk da safar roba, sannan ta faɗa mata ƙarfe nawa zata dawo kuma ta dawo ɗin. A daren ne Mama ta fara barci.

Wasu gani suke wannan ai kirki ne kawai, magani daban. Ni ban yarda ba. Fargaba tana sa jiki ya saki sinadarin adirenalin da kotisol, zuciya ta riƙa bugawa da sauri, jini ya hau, numfashi ya ƙaru, to wanda dama huhunsa ke neman iska ina zai kai wannan? Ga rashin barci, tsofaffi kuma kaɗaici kan jefa su cikin ruɗewa har su kasa gane dare da rana.

Ban ɗorawa nas-nas laifi ba fa, kayan kariyan nan sakawa da cirewa aiki ne, ga zafi, ga tsoron kar su kwasa su kai gida, bincike ma ya nuna ma'aikata basu cika shiga ɗakin wanda aka killace ba kamar sauran ɗakuna. Amma akwai dabaru, lokacin Ebola a Laberiya an riƙa manna hoton fuskar ma'aikaci a gaban rigarsa dan mara lafiya ya san da wa yake magana, a Birazil kuma a 2021 wasu nas suka cika safar hannu biyu da ruwan ɗumi suka ɗaura a hannun mara lafiya ya ji kamar an riƙe shi.

Roƙona ga shugabannin asibitoci shine a ƙara ma'aikata a irin waɗannan ɗakuna yadda nas zata samu ko minti biyar ta tsaya tayi bayani, a kuma ware lokaci kullum da za'a haɗa mara lafiya da iyalinsa ta waya.

Nagode,
wata mai karanta jaridarku.