Zuwa ga Edita: Zafi da sanyi kaɗai ba su isa a auna mutum ba

Assalamu alaikum Malam Edita, ya aiki ya haƙuri da mu.

Ina so in tofa albarkacin bakina kan wannan yayin da ake yi na rarraba manyan mutane gida-gida, wai wane mai zafi ne wane mai sanyi, sai ka ga yaro ya kalli bidiyo biyu a waya ya yanke wa wanda ya mulki ƙasa hukunci. Nazarin hali abu ne mai kyau wallahi, amma in za a yi a bi rayuwar mutum, a ga me ya yi ranar da mulki ke hannunsa da ranar da ya kuɓuce masa.

Ɗauki Gowon da Murtala, dukansu Kwalejin Barewa ta nan Zariya suka yi, Gowon ma a Wusasa ya tashi. Kowa cewa yake Gowon mai sanyi ne, kuma gaskiya ne, wannan sanyin ne ya sa da aka gama yaƙin basasa a 1970 ya zaɓi sulhu maimakon ramuwa, kuma ranar da aka kifar da shi a 1975 yana Kampala wajen taron shugabannin Afirka bai tada jijiyar wuya ba, ya wuce Ingila ya koma karatu a jami'a abinsa. To amma fa sanyin nan shi ne ya sa ya kasa tsawata wa gwamnoninsa ana ta kuka da su, sannan a 1974 ya janye alƙawarin miƙa mulki a 1976. Hali ɗaya ne, ya yi rana a wani wuri ya yi ɓarna a wani wurin.

Murtala kuwa bai cika wata bakwai a kan mulki ba amma ya mai da jihohi 19, ya yanke maganar mai da babban birnin ƙasa Abuja, abin da wani zai shekara yana kafa kwamiti. Mu 'yan Arewa muna son sa har gobe, ni ma haka. Sai dai saurin nan nasa ne ya sa aka sallami ma'aikata sama da 10,000, da mai laifi da marar laifi, wasu a rediyo suka ji an kore su, kuma da yawa na ganin tun lokacin ma'aikacin gwamnati ya daina yarda da gobensa. Rashin tsoron da ake yabonsa da shi ne ya sa yake yawo a Legas ba rakiyar kirki har aka harbe shi ranar 13 ga Fabrairu 1976, Allah ya jiƙansa.

Wani abin da ke ci min tuwo a ƙwarya, kullum maza ake lissafawa. Ga Hajiya Gambo Sawaba 'yar nan Zariya, da ta shiga jam'iyyar NEPU tana yarinya, aka ɗaure ta ba sau ɗaya ba sau biyu ba saboda tana cewa a bar mata su yi zaɓe, kuma sai 1979 matan Arewa suka kaɗa ƙuri'a a babban zaɓen ƙasa. A zamaninta taurin kai ake ce mata, yau asibitin Ƙofar Gayan sunanta yake ɗauke da shi. Don Allah Malam Edita ku ware mata shafi guda, ku je Sabon Gari ku tambayi tsofaffin da suka san ta tun suna raye.

Naka,
Mai karatu daga Tudun Wada, Zariya