Godiya ga masu wankin mota na bakin hanyar Sakkwato, Gusau

Assalamu alaikum.

Ina so in yi godiya a bainar jama'a ga masu wankin motar nan na bakin hanyar Sakkwato, musamman matashin da aka ɗora wa aikin cikin mota. Ban saba yabon masu wanki ba, domin na ɗanɗana kuɗata a hannunsu.

Motata Camry ce 'yar Kwatano, ƙirar 2008, mai kujerun fata ruwan toka. A wani wurin da ba zan kama suna ba, ina tsaye yaro ya kaɗa omo a bokiti, ya ɗauko burushin da ya gama wanke taya da shi, ya hau dirzar kujerar direba. Inda biro ya taɓa zuba kuwa sai ya ɗiga fetur a tsumma ya murza. Tabon ya fita kam, amma ya tafi da launin kujerar. Wurin ya koɗe, kuma da rana ta take sai ya riƙa kama riga. Da na yi magana, maigidansa ko kallon kujerar bai yi ba, ya ce, "Ai fatar ce ta tsufa, Alhaji." Sai suka fesa mata man sheƙi, ta yi santsi, kafin a jima ƙurar hunturu ta manne mata. Kuɗinsu kuma cif suka karɓa.

Saboda haka da na zo wurinku, a shirye nake da faɗa. Sai ga wannan matashi bai ma kawo bokiti ba. Ya ɗiga ruwa ɗigo ɗaya a kujerar baya, ɗigon ya tsaya cur. Ya ɗiga a gefen kujerar direba, inda ake gogawa wajen shiga da fita, nan take fatar ta shanye, wurin ya yi duhu. Ya ce, "Baba, ka gani? Fatar mota ba irin ta majemanmu ba ce da baduku zai shafa wa mai ta sha. Wannan an yi mata fenti, an kuma bi ta da wani siririn rufi kamar leda. Shi muke wankewa. Inda ruwa ya shige, rufin ya riga ya tafi." Ya ce omo, fetur, tina (ruwan sirka fenti) da bilic duk cinye rufin suke yi, kuma sheƙin da mutane ke so yawanci maiƙon jiki ne da dauɗa, fata mai tsabta ba ta ƙyalli.

Aikin na kalla da idona. Ya fara zuƙe ƙura da inji har cikin ɗinki, wai in an bar yashi aka goga, shi ne zai kankare fatar. Sabulun fata mara kaifi ya gwada tukuna a ƙarƙashin kujera inda ba a gani. Kumfar a kan burushi mai laushi yake sa ta, ba ya zuba ruwa a kujera, saboda wayoyin da ke ƙasa da kuma soson ciki da zai jiƙe ya yi wari. Wuri mai faɗin tafin hannu ɗaya zai wanke, ya share da tawul mai laushi, ya nuna mini baƙin da ya fito, sannan ya matsa gaba. Duk a inuwa.

Abin da ya fi burge ni, da ya iso inda aka ƙone da fetur sai ya tsaya. Ya ce wanki ba zai dawo da shi ba, sai dai mai gyaran kujera ya sake masa launi da rufi, kuma ba zai karɓi kuɗi a kan abin da ya fi ƙarfinsa ba. Ya ƙara da cewa in riƙa sa marufin gilashi, don zafin Maris da Afrilu da ke haura digiri 40 shi ke tsattsage fatar. Bodi da taya an wanke su lafiya, babu ƙorafi.

Allah ya saka muku da alheri, ya ƙara kasuwa. Sauran masu wanki na garin nan kuwa, don Allah ku ji tsoron Allah. Mutum ya sayi injin feshi da jarka biyu ya tara yara, shi ke nan ya zama gwani, burushi ɗaya na taya, na kafet, na kujera. Haka wajen masu fenti, haka wajen masu gyaran wayar mota: a ɓata maka abu, a ce dama can haka yake, in ka ɗaga murya a ce ka cika mita.

Naku,
Wani mai mota daga Tudun Wada, Gusau.